Rana Dubu Ta Ɓarawo: Wasan Kwaikwayon Talabijin da Shari'o'in da Ba a Yi Ba a Zamfara

Duk wanda ya saba bibiyar shirye-shiryen talabijin masu dogon zango ya san cewa babu labarin da ke zaunar da mai kallo wuri guda kamar labarin laifi. A yi kisa ko fashi, a shiga farautar wanda ya aikata, a kama shi, a tsayar da shi gaban alƙali. Abin da 'yan kallo da dama ba su cika lura da shi ba shi ne, yawancin irin waɗannan labarai daga ofishin 'yan sanda da zauren kotu da shafukan jaridu ake ɗebo su, sai marubuci ya sauya suna, ya sauya gari, ya ƙara gishiri. Tun da yake Gusau da Tsafe da Bunguɗu da sauran sassan Jihar Zamfara sun shafe fiye da shekara goma suna ganin laifuffukan da ko a mafarki ba a taɓa zato ba, ya dace mu tambayi kanmu: wane irin wasan kwaikwayo za a iya ginawa a kan wannan masifa, kuma wa zai amfana, wa zai kwana a ciki?

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya san yadda wannan sana'a take cin abincinta a inda ta samo asali. A ƙasar Amurka, shirin Dragnet da Jack Webb ya fara a rediyo a 1949, ya kuma kai shi talabijin a 1951, ya dogara ne kacokan a kan bayanan ƙararrakin da rundunar 'yan sandan birnin Los Angeles ta riga ta kammala. Ana sauya sunayen mutane, amma a ƙarshen kowane kashi sai an shaida wa mai kallo hukuncin da kotu ta yanke. Shi kuwa shirin Law & Order da Dick Wolf ya fito da shi a 1990, raba kowane kashi ya yi gida biyu: rabin farko binciken 'yan sanda, rabi na biyu fafatawar lauyoyi a kotu. Marubutansa sukan ɗauki kanun labarin da ya girgiza jama'a su fara da shi, daga nan su karkata akalar labarin zuwa wata hanya dabam domin kada wani ya ce da shi ake.

Wato dai kotu ita ce rumbun da marubucin irin wannan wasa yake ɗiba. Dalili kuwa a fili yake. A kotu ne ake samun shaidar da aka rantsar, aka yi mata tambayoyin ƙwaƙwaf, lauyan wanda ake tuhuma ya yi iya ƙoƙarinsa ya rusa ta amma ta tsaya. A can ne ake jin yadda aka ƙulla laifin, da wanda ya ba da makami, da wanda ya nuna gida, da wanda ya karɓi kaso. Bugu da ƙari, hukuncin alƙali yana ba marubuci abubuwa biyu da ba zai samu a wani wuri ba: kariya daga zargin ɓata suna, da kuma ƙarshen labari. Hausawa na cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wannan rana ɗaya ita ce ginshiƙin wasan kwaikwayon laifi duka, domin ita mai kallo yake jira tun daga fitowa ta farko.

Mu ma a Nijeriya mun san haka. An harbe ƙasurgumin ɗan fashin nan Ishola Oyenusi a bakin teku a Legas a watan Satumba na 1971, kuma kafin shekarun 1970 su ƙare Eddie Ugbomah ya mayar da tasowarsa da faɗuwarsa fim. Lawrence Anini ya addabi birnin Benin a 1986, aka kama shi a watan Disamba na shekarar, aka harbe shi a watan Maris na 1987, daga baya masu finafinan kudu suka ɗauki labarinsa. Abin lura a shari'ar Anini shi ne, an bankaɗo cewa wani babban jami'in ɗan sanda, George Iyamu, yana taimaka wa gungun, shi ma aka yanke masa hukuncin kisa. Da a ce a daji aka harbe Anini ba tare da shari'a ba, da an binne wannan sirri tare da shi, da kuma duk wanda ya zo yin fim sai dai ya yi ta lalube a duhu. A nan Arewa ma dattawa ba su manta da Kuliya Manta Sabo ba, wasan da gidan talabijin a Kano ya riƙa nunawa, wanda dandalinsa zauren alƙali ne, rigingimunsa kuwa irin waɗanda ake kai wa alƙalai kullum ne. Sunan wasan kansa darasi ne a kan abin da jama'a ke tsammani daga shari'a.

Finafinan Hausa na wannan zamani su ma sun shiga wannan fage, musamman tun bayan da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shirye masu dogon zango suka samu kasuwa a talabijin da YouTube. Daɗin Kowa ya ƙirƙiri gari nasa ya zuba masa matsalolin shaye-shaye da rikici da gudun hijira. Kwana Casa'in ya ƙirƙiri jihar Alfawa domin ya faɗi abin da ba ya faɗuwa game da 'yan siyasa da maƙarrabansu. A Duniya ya shiga lungunan 'yan daba, har sunan Abale ya zama abin kira a bakin yara. Duk waɗannan daga rayuwar yau da kullum suka ɗebo, kuma mai kallo yakan gane inda aka dosa ko da ba a kama suna ba. Hukumomi kuwa sun tsorata da abin. A watan Satumba na 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinai, bisa hujjar cewa matasa na koyon dabarun aikata su. A 2024 kuma, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, hukumar ta sake hana finafinan da ke nuna harkar daba. Da yake Kano ce cibiyar wannan masana'anta, abin da aka hana a can kusan an hana shi ke nan ga mai kallo a Gusau.

To, a nan ne matsalar Zamfara ta bambanta da ta kowa. Labari dai akwai shi jibge, har ya fi ƙarfin alƙalami. Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Dahiru Abubakar, wanda shi ma ɗan Gusau ne, ya ba da rahoton cewa tsakanin 2011 da 2019 mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, mutum 190,340 sun bar gidajensu, an kuma biya kuɗin fansa fiye da naira biliyan 3. Rahoton ya nuna yatsa ga wasu masu riƙe da sarautun gargajiya da jami'an tsaro. Bayan wannan rahoto ne aka kwashe 'yan makarantar mata ta Jangebe ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Yuli na 2022 aka naɗa Ado Aleru, wanda 'yan sandan Jihar Katsina suka sa lada a kan kama shi, sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji da ke Ƙaramar Hukumar Tsafe, da rana tsaka, har sai da gwamnatin Bello Matawalle ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Ranar 22 ga Satumba, 2023 kuma aka shiga Sabon Gida a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, waɗanda wasunsu ba su ga gida ba sai a watan Afrilu na 2024.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa shiri mai kashi hamsin. Amma ina babin ƙarshe? A wace kotu aka tsayar da waɗanda suka kitsa satar 'yan matan Jangebe, jama'a suka cika zaure suka ji shaida da kunnensu? Wane alƙali ne ya bi sunayen da rahoton 2019 ya ambata ɗaya bayan ɗaya, ya wanke na wankewa, ya hukunta na hukuntawa? Doka dai ba a rasa ta ba. Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a watan Nuwamba na 2021, kuma a watan Yuni na 2022 Zamfara ta yi dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto. A watan Disamba na 2024 an gurfanar da wasu da ake zargi da taimaka wa Bello Turji a Abuja, alhali shi gogan ba ya hannu. Amma yawancin manyan daji da labarinsu ya ƙare, ya ƙare ne a bakin bindiga, ko ta sojoji ko ta abokan gabarsu, kamar yadda ta faru da Buharin Daji a 2018. Mutuwa irin wannan tana iya kawo sauƙi na ɗan lokaci, sai dai matacce ba ya ba da shaida, ba ya faɗin wanda ya sayar masa da harsashi. Abin takaici ma shi ne, Jangeben nan da duniya ta fara jin sunanta a shekarar 2000 saboda hukuncin haddi da aka zartar wa wani mutumin garin a kan satar saniya, ita ce bayan shekara 21 aka kwashe wa 'ya'ya mata ɗaruruwa a dare ɗaya, mai kaya kuma yana nan yana jiran ranarsa.

Idan babu kundin shari'a, me ya rage wa marubuci? Abu uku: sanarwar hukuma, jita-jitar kasuwa, da kuma maganar ɗan bindigar da kansa, wanda yake ɗaukar bidiyo da wayarsa ya watsa a Facebook da TikTok. A cikin ukun nan, na ƙarshe ne ya fi armashi a ido, domin yana da fuska da murya da rawani da bindiga a kafaɗa, yana kuma da ƙorafin da yake kafa hujja da shi. Marubucin da ke neman 'yan kallo, ko bai yi niyya ba, zai tarar labarin yana zamewa zuwa wajen wannan mutum, ya zama shi ne tauraro, waɗanda ya kashe kuma su zama adadi kawai. An ga haka a shirin Narcos na 2015, wanda ya ƙara wa Pablo Escobar suna a duniya duk da cewa labarin faɗuwarsa ake bayarwa. In har hakan ta faru ga wanda ya mutu tun 1993, ina ga wanda yake raye, yana kallo, yana kuma iya aika wa ƙauye da saƙo gobe da safe?

Haɗari na biyu shi ne yi wa al'umma kuɗin goro. Rikicin Zamfara yana da tushe a rigimar burtali da gonaki, da zaluncin da makiyaya suka daɗe suna kuka da shi a hannun wasu alƙalai da 'yan sanda da masu unguwanni, da kashe-kashen da 'yan sa-kai suka yi ba tare da shari'a ba, da kuma ta'asar da 'yan bindiga suka yi wa manoma da su kansu Fulanin da suka ƙi bin su. Wasan kwaikwayo yana son sauƙi, yana son mugu ya fito da kamanni da lafazi da sutura da za a gane shi nan take. Idan aka ba kowane mugu sanda da malfa da karin harshen ruga, to an yanke wa ƙabila guda hukuncin da babu kotun da ta yanke, kuma yaron da ya tashi yana kallon haka a Tudun Wada ko Sabon Gari zai kai wannan hukunci kasuwar Tsafe.

Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne haƙƙin waɗanda abin ya faɗa wa. Lokacin da Netflix ya fito da shiri a kan Jeffrey Dahmer a 2022, mutumin da ya kashe mutum 17 a Amurka, 'yan uwan wasu daga cikin mamatan sun fito sun ce ba a tuntuɓe su ba, sai dai suka wayi gari suka ga ana kwaikwayon kukansu. Wannan a ƙasar da mutum zai iya ɓacewa cikin miliyoyin jama'a ke nan. A wajenmu kuwa, sauya suna ba ya ɓoye kowa. In aka ce wata ɗalibar jami'a ce daga gari kaza da ta yi wata bakwai a daji, unguwa duka ta san ko wace ce, dangin wanda zai nemi aurenta ma sun sani. Duk abin da marubuci ya ƙara na gishiri, a kanta zai zauna har abada, kuma ba ta da bakin da za ta ce ƙarya ne. Addininmu da al'adarmu sun tsananta a kan ƙazafi da tona asiri, kuma kyamara ba ta ɗauke wa kowa wannan nauyi ba.

Sai dai duk wannan bai sa hani ya zama magani ba. A ranar 25 ga Yuli, 2022 sashen binciken BBC ya fito da shirin gaskiya a kan 'yan bindigar Zamfara, wanda Yusuf Anka ya jagoranta, inda wani ɗan bindiga ya yi iƙirarin cewa an biya kuɗin fansa a kan 'yan matan Jangebe, saɓanin abin da gwamnati ta faɗa. Maimakon a binciki iƙirarin, sai a watan Agusta Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa ta ci tarar naira miliyan 5 kowanne ga kamfanonin da suka nuna shirin, ta kuma ci Trust TV irin wannan tara saboda nata shirin a kan 'yan bindiga. An bar jaki ana dukan taiki. Garkuwa da mutane ta riga finafinan da ke nuna ta zuwa Zamfara, kuma ɗan bindigar da ke dajin Munhaye ba ya buƙatar wani darakta ya koya masa sana'arsa. Abin da hani ya haifar shi ne, ya rufe bakin marubucin da ke da suna da adireshi, wanda za a iya kira a yi masa gyara, ya bar fage ga mai wayar da ke daji, wanda ba ya kai aikinsa gaban kowace hukumar tacewa.

Akwai misalan da ke nuna hanyar da ta fi. A Kano, yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace a watan Disamba na 2021, aka gano gawarta a watan Janairu na 2022, shari'arta ta gudana a bainar jama'a, Babbar Kotun Jihar ta yanke hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. Duk wanda zai yi rubutu a kan irin wannan cin amana yana da tabbataccen tushe, abin da ya rage masa shi ne neman yardar iyaye da kiyaye mutuncinsu. A Indiya, kotu ta tsayar da fitar fim ɗin Black Friday, wanda aka gina a kan hare-haren bam na birnin Bombay na 1993, har sai da aka yanke hukunci, sannan ya fito a 2007, domin kada fim ya riga alƙali magana. A Ingila kuwa, tashar ITV ta nuna wasa mai kashi huɗu a watan Janairu na 2024 a kan ɗaruruwan masu kula da ƙananan gidajen waya da aka tuhuma da sata bisa kuskuren na'urar kwamfuta. Wasan ya tsaya ne a ɓangaren waɗanda aka zalunta, ya jingina da hukuncin da babbar kotu ta yanke a 2019, ya kuma tayar da ƙurar da ta sa majalisar ƙasar ta yi dokar wanke su a watan Mayu na wannan shekara ta 2024. Ga amfanin wasan kwaikwayo idan ya samu gaskiyar da zai tsaya a kai.

Saboda haka shawara ta farko ga marubuta da masu shirya finafinai ce. Labarin Zamfara da ya cancanci a ba da shi ne na manomin da ya sayar da gona da shanun huɗa ya fanshi ɗansa, da matar da ke bara a titunan Gusau alhali da tana da rumbu uku, da Bafulatanin da aka kwashe wa garke ya rasa inda zai kai ƙara, da malamin makarantar da ya ƙi gudu. A haɗa labarai da yawa a fitar da ɗaya yadda ba za a gane mai shi ba, a ƙirƙiri gari kamar yadda aka ƙirƙiri Alfawa, a nisanci shari'ar da ke gaban alƙali, kada kuma a nuna dalla-dallar yadda ake aikata laifi. Su kuma hukumomin tacewa, gara su zauna da marubuta da lauyoyi da malamai su fitar da ƙa'idoji a kan yadda za a taɓa waɗannan batutuwa, maimakon su rufe ƙofa gaba ɗaya.

Amma babban nauyin yana kan gwamnati da ɓangaren shari'a. A riƙa kama masu laifi da rai in da hali, a gurfanar da su a Gusau inda waɗanda aka zalunta za su iya halarta, a ba shaidu kariya, a bar 'yan jarida su shiga, a kuma adana bayanan zaman kotu yadda mai bincike zai same su bayan shekara ashirin. A fito da rahoton kwamitin 2019 a yi aiki da shi. Ba domin masu fim za a yi haka ba, domin marayu 25,050 ɗin nan za a yi, waɗanda da yawansu sun zama samari da 'yan mata, suna kuma da haƙƙin sanin wanda ya kashe iyayensu da abin da aka yi masa. Al'ummar da ba ta ga ranar mai kaya a kotu ba, ba za ta yarda da ita a talabijin ba, kuma yaran da suka tashi suna ganin ɓarawo ne kaɗai ke da rana, Allah kaɗai Ya san darasin da za su ɗauka. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a cikinta.